Babi na Shida: Daga Tabarmar Fada zuwa Fako

Tun shekarar 1975 ake dashen itatuwa a Nijar kowace ranar 3 ga Agusta, ranar da ƙasar ta sami 'yancin kanta a 1960. Duk wanda ya tashi a Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san yadda ranar take wucewa. A fito da 'yan makaranta, a kawo dashe cikin baƙaƙen ledoji, manyan gari su tsuguna su tura ƙasa, a zuba ruwa da buta, a watse. Al'ada ce mai kyau, kuma inuwar dogon yaro da ake sha a farfajiyar makarantu da bakin tituna, da yawanta daga irin wannan rana ta samo asali. Amma mai son sanin ko dashe ya kama, watan Afrilu yake jira, lokacin da ƙasa ta yi zafin da ba ta takuwa, ciyawa ta ƙare, akuya na bin duk wani abu kore. A lokacin ne ake ganin ramukan da ba abin da ya rage cikinsu sai guntun kara da tsumman leda.

Wannan babin na matasan da abin ya dama ne. A kowace unguwa ta Ƙonni akwai fada, ana zaune kan tabarma ana jiran shayi ya tafasa, kuma ba a rasa wanda zai ce zafin bana ya fi na bara, ko ya ce dajin da kakarsa take zuwa itace a ƙafa yanzu sai da amalanke da wuni guda. Daga nan sai wani ya ce, to mu ma mu yi wani abu mana. Wannan kalma tana da daraja, don daga irinta kowane aiki yake tashi. Abin da ke biyo bayanta ne ke raba ƙungiyar da za ta ɗore da wadda za ta mutu kafin damina ta biyu. Galibi shawarar farko ita ce a sayi dashe, a ɗinka riguna iri ɗaya, a gayyaci manya. Ni kuwa shawarata ita ce a fara da tambayar abin da aka taɓa yi a wannan ƙasa tamu ya yi kyau, da dalilin da ya sa ya yi. Amsar ba ta da nisa. Tana kan hanyar Tawa, a ƙasar Illela da kwarin Badagishiri.

Bayan farin 1973 da na 1984, tudun Adar ya cika da fako. Ƙasa ce da iska da ruwa suka kwashe samanta, abin da ya rage ya daskare, ruwan sama ya faɗo ya gangare ba tare da ya shiga ba. Ko ciyawa ba ta fitowa. Mai irin wannan fili ba ya lissafa shi cikin dukiyarsa. A 1988 asusun IFAD na Majalisar Ɗinkin Duniya ya buɗe wani shiri na gyaran ƙasa da tare ruwa a yankin Illela. A shekarar da ta biyo, 1989, shirin ya ɗauki manoma 13 ya kai su Yatenga a arewacin Burkina Faso, ƙasar su Yakuba Sawadogo, manomin da daga baya duniya ta san shi da mayar da fako daji. Can suka tarar da manoma suna haƙa ramuka a kan fako tun da rani, suna zuba taki a ciki, suna shuka gero da dawa idan ruwa ya sauka. Mutanen Adar sun san irin wannan rami tun da, suna kiransa tassa, amma tasu ƙarama ce. Ta Yatenga ta fi faɗi da zurfi, kuma ba a barinta ba taki.

Da suka dawo, wasunsu suka gwada. A waccan damina abin da aka haƙa duka bai wuce hekta huɗu ba. A 1990 ya kai hekta 70, sai kuma Allah ya kawo ƙarancin ruwa a shekarar. Gonaki suka ƙone, amma geron da ke cikin tassa ya tsaya ya yi zangarniya. Masu wucewa zuwa kasuwa suka gani da idonsu: fakon da kowa ya sani tun yana yaro ba ya fid da komai, ga shi da hatsi, gonar kirki da ke gefensa kuwa ta bushe. Daga wannan shekara ba a ƙara buƙatar mai wa'azi ba. Zuwa 1995 an gyara kusan hekta 3,800 da tassa a yankin.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda ramin yake aiki, don wanda zai ja mutane zuwa aiki dole ya iya amsa tambayar dattijon da zai ce masa, wannan wahala ta mece ce. Ana haƙa rami mai faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 25, a bar tazarar taki guda tsakaninsa da na kusa. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare, domin ruwan da ke gudu ya ci karo da ita ya zauna cikin ramin. Tun kafin damina iska tana share ganye da rairayi mai laushi tana zubawa ciki. Takin da aka sa, cikin hannu ɗaya ko biyu, yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasar ta yi hanyoyin da ruwa zai bi ya nutse. A ƙasar da ruwan shekara yake tsakanin milimita 400 da 600, kuma yakan ɗauke kwana goma ko ashirin a tsakiyar damina, wannan ɗan danshin da ramin ya riƙe shi ne tsakanin girbi da asara. Awon da aka yi a gonakin Illela cikin shekarun 1991 zuwa 1996 ya nuna gonar tassa mai taki tana ba da kusan kilo 500 na gero a hekta, inda wadda ba a taɓa ba take ba da ɗari da 'yan kai. Aikin kuwa ba wasa ba ne. Hekta guda tana cin ramuka wajen dubu goma, a ƙasa mai tauri, a tsakiyar zafi.

Abin da ya biyo baya ya fi girbin ban mamaki. Fako ya yi kuɗi. Mutane suka fara sayen filin da a da ko kyauta ba a karɓa, su gyara shi, farashinsa ya riƙa hawa. Samari suka ƙware a haƙar tassa har ta zama sana'ar da ake ɗaukarsu a biya su. A ƙauyen Batodi, ruwan rijiya da yake a zurfin mita 18 a 1994 ya hau zuwa wajen mita huɗu a 2004, har mata suka buɗe lambuna a wurin da a da ruwan sha ma sai an sha wuya. Irin itatuwan da ke cikin kashin dabbobi kuma ya tsiro a ramukan, gawo da aduwa da magarya suka dawo gonaki ba tare da kowa ya saye su daga wurin renon dashe ba.

Mutum 13 ne suka fara wannan. Ba su da riguna iri ɗaya, ba su da sunan ƙungiya. Sun je sun gani, sun dawo sun yi a gonakinsu, a inda maƙwabta za su gani, kuma hatsin da ya fito nasu ne. Waɗannan abubuwa uku, gani da ido, da farawa da ƙarami a bainar jama'a, da sanin wanda zai ci amfanin, su ne ƙashin bayan duk wani aikin gayya na kare muhalli da na san ya ɗore a wannan yanki.

Na ukun shi ne wanda matasa suka fi mantawa, don haka bari mu tsaya a kansa. A kwarin Majiya, can wajen Buza, an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Ma'aikatan gandun daji ne da ƙungiyar CARE suka ja aikin, layi biyu-biyu, da tazarar mita ɗari tsakanin wannan shinge da wancan, har tsawonsu duka ya kai ɗaruruwan kilomita. Aikin ya yi kyau, hatsi ya ƙaru a gonakin da ke tsakanin layukan, kuma an yi ta zuwa kallo daga ƙasashe. Sai dai an biya masu gadi shekaru suna korar dabbobi kafin itatuwan su fi ƙarfin akuya, matan da ke kiwon awaki a kwarin suka rasa wurin kiwo, kuma da itatuwan suka girma aka zo yanke rassa, sai tambayar da ba a amsa tun farko ba ta taso: itacen na wane ne? Na mai gonar da layin ya ci masa ƙasa, ko na gari, ko na hukuma? An daɗe ana zama kafin a tsara rabo. Ƙungiyar matasa ba ta da kuɗin biyan mai gadi na shekara uku. Abin da take da shi kawai shi ne ta sa itacen ya zama na wani tun ranar farko, domin mai abu shi ne mai gadin da ba a biya.

Labarin Maraɗi ma abin da yake koyarwa ke nan. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya yi shekaru yana dashe yana ganin yawancinsa na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran da kaifin wuƙa ko gatari, cikin shekara biyu ko uku sai ga itace, domin saiwar ta riga ta kai ga danshi. Wannan shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 an raba abinci ga ƙauyukan da suka yarda su bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba su ne suka ga gero bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabba, kuma daga gonakinsu abin ya yaɗu. Bayan shekara ashirin, binciken da Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou da abokan aikinsu suka yi, da hotunan sama da kuma tafiya a ƙasa, ya nuna kusan hekta miliyan biyar sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar, wajen itace miliyan 200. Babu wani shirin dashe a Afirka ta Yamma da ya kusanci wannan adadi.

Me ya hana manoma yin haka tun da? Ba jahilci ba ne, don babu manomin Hausa da bai san gawo yana zubar da ganye da damina ba, yana barin rana ta kai ga gero, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Doka ce ta hana. A tsohuwar dokar daji itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a tsakiyar gonarka suke, in ka datse reshe ana iya cin ka tara. Mai hankali kuwa ba ya renon abin da zai jawo masa tara, sai ya sare shi tun yana ƙarami kafin wani ya gani. Da aka sassauta, itatuwa suka dawo. Dokar daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, sannan a ranar 30 ga Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassaben zamani, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Manoma da yawa a ƙauyukanmu har yanzu ba su ji labarin wannan doka ba, tsoron da ne ke zukatansu. Ƙungiyar matasa da za ta nemi ma'aikacin gandun daji na yankinta, ta kai shi dandalin ƙauye ya faɗi wannan magana da bakinsa a gaban mai gari da jama'a, ta yi aikin da ya fi dasa dashe dubu.

Mutumin cikin garin Ƙonni zai iya cewa wannan duk zancen mutanen tudu ne. Ya duba inda ruwan lambunsa yake fitowa. Filin noman rani na Ƙonni, wanda aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, ya kai kusan hekta 2,450, kuma ruwansa daga madatsun Mozage da Zango yake zuwa, a kan Majiya, ya biyo hanyar ruwa zuwa tafkin Cerasa kafin a raba shi gonaki. Majiyar nan daga tsaunukan Adar take tasowa, ta ratso ƙasar Malbaza da Ƙonni, ta ƙare a tafkin Kalmalo a ɓangaren Nijeriya. Duk ƙasar da ruwa ya kwasa daga fakon tudu, a cikin madatsun nan take kwantawa. Shekara da shekaru laka tana cike su, ruwan da suke riƙewa yana raguwa, filin da ake iya nomawa da rani yana tsukewa. An gyara hanyoyin ruwan a 'yan shekarun nan da tallafin Amurka, amma siminti ba ya hana tudu zubo da yashi. Mai albasa da mai alkama da mai tumatir a Ƙonni, ruwansu yana hannun wanda ke haƙa tassa da ramuka masu siffar rabin wata, yana jera duwatsu a gangare, can sama da madatsa. Matasan gari da suka fahimci wannan sun sami hujjar da za su je wa ƙungiyoyin manoman fadama da ita su nemi gudummawar taki ko ta amalanke.

To ta ina za a fara? Da fili guda, wanda ake iya zagayawa a ƙafa kafin shayi ya huce, kuma a bakin hanyar da mutane ke bi. Kafin a ɗaga ko da hauya ɗaya, a san mai shi. Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi hatsi, a ranar ne magada ke fitowa daga ko'ina. In gonar wani ce, a yi magana da shi a gaban mai gari da shaidu: shekara nawa za a yi aiki, hatsin na wa, itacen na wa. In filin gari ne, a bi ta hukumar filaye, wadda dokar karkara ta 1993 ta tanada tun daga ƙauye har zuwa jiha, a sami takarda. Wannan zirga-zirga tana da gajiyarwa, tana cin makonni, kuma babu abin nunawa a cikinta. Amma ƙungiyoyi da yawa a kan wannan gaɓa suke watsewa, bayan sun riga sun zuba guminsu.

Sai makiyaya. Bayan girbi, idan hukuma ta sanar da sakin gonaki, dabbobi suna shiga ko'ina, kuma haƙƙinsu ne. Filin da matasa ke gani babu kowa, wataƙila burtali ne ko makiyayar da Fulani da Buzaye suka dogara da ita tun kakanni. Wanda ya kewaye irin wannan wuri da sunan kare muhalli ya shuka rigima, kuma wannan yanki ya ga abin da rigimar manomi da makiyayi take haifarwa. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agiye, da satar itace ta dame su, kwamitin tsaro suka kafa, suka sa maza da mata da makiyaya a ciki, suka yi dokokinsu da tararsu da kansu, kowa ya ji. Makiyayi yana da riba a gonar da ke da gawo, don 'ya'yansa abincin dabba ne a lokacin da babu komai, manomi kuma yana buƙatar takin da garke zai bar masa, wanda in babu shi tassa rami ce kawai. A je wa arɗo tun kafin a fara, a zaunar da shi cikin shawara, kada a bari sai ranar da saniya ta shiga fili.

Mata kuwa, in aka bar su a baya an bar rabin ƙarfin aikin da kusan dukan saninsa. A babban shirin Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa a wurin ɗaukar duwatsu da haƙar ramuka, domin maza sun tafi cin rani. Har yau haka abin yake. Lokacin haƙar tassa, daga Janairu zuwa Mayu, shi ne daidai lokacin da samari ke Sakkwato ko Legas ko Abijan ko Libiya. Duk tsarin da aka yi a watan Oktoba bisa lissafin samari talatin, a sake lissafa shi bisa waɗanda za su kwana a gari a watan Maris. Mace ce ta san nisan da ake tafiya neman itace, ta san sabara da kalgo da geza wanne ke toho da sauri, wanne ke hayaƙi, wanne ke magani. Kuma mata ne suka riga kowa warware matsalar kuɗi. Tsarin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ba komai ba ne illa zubi kowane mako cikin akwati, da rance, da rabo a ƙarshen shekara, ga shi ya bazu ƙasashe da dama. Ƙungiyar da ke zuba dala ashirin-ashirin kowane mako tana iya sayen diga da shebur da kanta, ta biya ladan amalanken taki, ba ta jira kowa ba.

Ina nanata zancen kuɗin kai ne saboda wata cuta da ta shige mu. Shekarun da aka yi ana biyan mutane abinci ko kuɗi don su gyara ƙasarsu sun taimaki gidaje da yawa a lokacin yunwa, ba mai musun wannan. Amma sun bar wata ɗabi'a: in an ce a fito aikin fili, tambayar farko ita ce nawa za a bayar. Gayya ta fi kowane shiri tsufa a ƙasar Hausa. Mai gona ya yi fura da tuwo, makaɗi ya zo, samari su yi layi su gama gonar kafin azahar, gobe a koma ta wani. A kan wannan ya kamata ƙungiya ta tsaya: yau fakon wane, mako mai zuwa na wance, kowa ya san ranarsa tana zuwa. In daga baya wani shiri ya zo da tallafi, ya tarar da aiki yana tafiya, a karɓa da godiya a ƙara faɗi. Ƙungiyar da aka kafa don jiran tallafi kuwa, ranar da ya yanke ita ma ta yanke. A sami littafi guda da mutum biyu masu riƙe shi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ramuka nawa aka haƙa, kututture nawa aka rena, nawa suka kai baɗi, a karanta wa kowa a taro. Zargin cin kuɗi ya kashe ƙungiyoyi fiye da fari.

Wanda ba shi da hanyar zuwa ƙauye, aikinsa yana ƙofar gidansa. Tun ranar 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta yi dokar hana yin ledoji marasa kauri da shigo da su da sayar da su, amma duk mai ido ya san inda dokar ta tsaya, balle a garin iyaka irin Ƙonni da kaya ke kwararowa dare da rana ta Illelar Nijeriya. A tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin tumaki da shanu. A duba magudanan ruwa a watan Mayu. Daminar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma a cikin gari toshewar magudana tana cikin abin da ke mayar da ruwan dare ɗaya ya zama rushewar gidaje. Yashe magudana kafin ruwan farko aiki ne da fada biyu ko uku za su iya a unguwarsu, da sharaɗi ɗaya: a shirya amalanke ko motar hukumar gari da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar, a kuma san inda za a kai shi. Sharar da aka tara a bakin lambatu aka tafi, ruwan farko zai mayar da ita inda ta fito. Kada kuma a cinna mata wuta a tsakiyar unguwa, hayaƙin leda guba ne ga yara da masu ciwon ƙirji. A roƙi limamin unguwa ya yi magana a kai ranar Juma'ar da ta gabaci aikin, don kalmarsa tana kaiwa gidajen da ta samari ba ta shiga.

Dashe ma yana da wurinsa, ban ce a daina ba. A makaranta, a masallaci, a asibiti, a bakin kasuwa, inda babu kututturen da za a rena, dole sai an dasa. Amma a dasa daidai yawan masu ɗaukar nauyi. Kowane dashe ya sami sunan mutum ko na aji ko na shago, da kewayen ƙaya ko na tubali, da wanda zai ba shi ruwa daga Nuwamba har ruwa ya sauka. In mutum ashirin ne suka yi alkawari, dashe ashirin za a karɓo, ko da ana bayar da ɗari biyar kyauta.

Ga roƙona ga duk fadar da ta karanta wannan babi tare. Kafin ku zaɓi shugaba, kafin ku ɗinka riga, ku tara kuɗin mota. Ku ɗauki dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, da mata biyu ko uku, da makiyayi, da manomin da ya fi kowa musu a garinku, ku tafi ƙasar Badagishiri a watan Satumba, lokacin da gero yake tsaye. Ku tambayi masu gonakin yadda filin yake a da, wa ya haƙa, ina suka sami taki, bayan shekara nawa suke sake buɗe ramukan, me ya ba su wuya. Ku dawo ku nemi hekta guda a bakin hanya, ku gama maganar mai ita kafin sanyi ya wuce, ku fara haƙa a watan Fabrairu.